Hukuncin kisa: a bar shi ko a soke? Amsa ga wanda aka kashe wa ƙani

"Assalamu alaikum Barista. Shekara tara kenan da 'yan fashi suka kashe min ƙanina, an kama mutum biyu, kotu ta yanke wa ɗaya hukuncin kisa amma har yau yana nan a gidan yari yana ci yana sha. Kwanan nan muka yi musu da wani abokina yake cewa wai hukuncin kisa zalunci ne ya kamata duniya ta daina, har na yi fushi na tashi na bar wajen. Amma da na kwanta abun ya tsaya min a rai. Dan Allah mene ne hujjar masu cewa a soke, mene ne ta masu cewa a bar shi, kuma kai da kake cikin harkar a ina ka tsaya?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin komai, Allah Ya jiƙan ƙaninka Ya yi masa rahama, ku kuma Ya ƙara muku haƙuri, musamman mahaifiya in tana raye. Fushin da ka yi ban ga laifinka ba ko kaɗan, wanda bai wanke gawar nasa ba yana da sauƙin yin irin wannan musun.

In na fahimce ka da kyau tambaya uku ka yi a dunƙule: shin akwai mutumin da laifinsa ya kai a kashe shi, shin kisan yana da wani amfani ga sauran jama'a, sannan shin hukuma ta isa a danƙa mata wannan aikin. Yawancin musun da ake yi a kan wannan magana shi ya sa baya ƙarewa, wannan yana amsa ta farko wancan yana amsa ta uku, kowa na ganin ɗan'uwansa ba shi da imani. Ni na fara aiki ne a ɓangaren masu gabatar da ƙara kafin daga baya na koma kare waɗanda ake tuhuma, na tsaya gaban alƙali na roƙi a yanke wa mutum hukuncin kisa, na kuma tsaya na roƙi kar a yanke, dan haka duk ɓangarorin biyu ba labari aka ba ni ba.

Inda duniya ta tsaya yanzu

A da can kusan ko'ina ana kisa, kuma ba a kan kisan kai kaɗai ba, a Ingila akwai lokacin da laifukan da ake rataye mutum a kansu sun haura 200, har da ƙananan sata. Wani masanin shari'a ɗan Italiya, Cesare Beccaria, shi ne a 1764 ya fito fili ya rubuta cewa a daina, yankin Tuskani na Italiya ya soke a 1786, Benezuwela a 1863, Fotugal a 1867. Daga baya sosai Birtaniya ta dakatar a 1965 ta tabbatar a 1969, Kanada 1976, Faransa 1981, Afirka ta Kudu kuma kotun tsarin mulki ce ta soke a 1995. Ruwanda, duk da kisan ƙare dangin da ta gani a 1994, ta soke a 2007, sai Saliyo 2021, Zambiya 2022, Zimbabuwe a ƙarshen 2024. Yanzu ƙasashe sama da 110 sun cire shi gaba ɗaya daga dokarsu, in ka haɗa da waɗanda suna da shi a takarda amma sun daɗe basu zartar ba sun haura 140.

Amma kar wannan lissafin ya sa ka ɗauka abun ya ƙare. Ƙasashen da suka fi yawan jama'a, Sin da Indiya da Amurka da Indonesiya da Pakistan da Najeriya, duk suna da shi a doka. Ƙungiyar Amnesty ta ƙirga aƙalla mutum 1,518 da aka zartar wa hukuncin a 2024, mafi yawansu a Iran da Saudiyya da Iraƙi, kuma wannan ban da Sin wadda take ɓoye nata adadin a matsayin sirrin ƙasa. Dokar ƙasa da ƙasa ma bata haramta shi kai tsaye ba, yarjejeniyar 1966 ta haƙƙin ɗan Adam cewa ta yi sai a kan mafi munin laifuka, ban da wanda bai kai shekara 18 ba lokacin da ya yi laifin, ban da mace mai ciki, kuma dole a bar wa mutum damar neman afuwa.

Hujjar masu cewa a bar shi

Babbar hujjarsu, kuma wadda ni har gobe nake ganin ƙarfinta, ita ce adalci tsagwaronsa. Mutum ya zauna ya shirya, ya ɗauki makami, ya cire ran wanda bai masa komai ba, toh me ya yi daidai da wannan in ba ransa ba? Duk wani hukunci ƙasa da haka kaman ana ce wa iyalan mamaci ne jinin naku bai kai nasa daraja ba. Masanin falsafar nan na Jamus, Kant, har cewa ya yi ko da al'umma za ta watse kowa ya kama gabansa, sai ta fara zartar da hukunci a kan mai kisan da ya rage a kurkuku, saboda a wajensa hukunci haƙƙi ne da ake bin mai laifi ko yana da amfani ko babu. Addini ma ya zo da wannan, ayoyin ƙisasi suna nan a Baƙara 178 da 179 inda aka ce akwai rayuwa a cikin ƙisasi, a Attaura ma akwai rai a bakin rai. Wanda ya ce maka son a yi ƙisasi dabbanci ne bai yi maka adalci ba.

Lokacin da nake gabatar da ƙara akwai wata uwa da ba zan manta da ita ba, an kashe mata ɗa ɗan shekara ashirin da 'yan kai a kan waya. Shekara huɗu ana shari'ar bata taɓa fashin zama ko ɗaya ba, ko ranar da aka san ɗagewa za a yi sai ta zo, ta zauna a benci na biyu daga baya, hannunta riƙe da katin makarantarsa wanda hoton jiki har ya fara goguwa saboda shafawa. Bata taɓa ɗaga murya ba. Ranar da aka yanke hukunci na zata kuka za ta yi, sai kawai ta kama hannuna ta ce yau ta san gwamnati ta san ɗanta mutum ne. Duk wanda zai yi maganar soke hukuncin kisa ya kamata ya iya kallon irin wannan matar ya faɗi maganarsa, in ba zai iya ba toh bai gama tunani ba.

Hujja ta biyu, wanda aka kashe ba zai sake kashe wani ba. Wannan ba wasa ba ce. A Texas an yanke wa wani Kenneth McDuff hukuncin kisa a 1966, da kotun ƙolin Amurka ta dakatar da hukuncin a 1972 aka mayar masa ɗaurin rai da rai, a 1989 aka sake shi, ya fito ya ci gaba da kashe mata har aka sake kama shi aka kashe shi a 1998. Da an zartar masa tun farko, waɗannan matan da suna raye. Ka ƙara da ƙasashen da ake fasa gidan yari, ko shugaban 'yan ta'adda yana ciki yana ba da umarni ta waya, ko yaransa su sace mutane su ce sai an sako shi, kaga maganar "a ɗaure shi har ya mutu" tana buƙatar gidan yarin da zai iya riƙe shi har ya mutun.

Ta uku, in mutane suka ga hukuma ba za ta ɗaukar musu fansa ba za su ɗauka da kansu, daga nan ake samun a kama ɓarawo a rufe shi da duka har lahira ba tare da an tambaye shi sunansa ba, ko dangi su far wa dangi. Sai ta huɗu wadda aka fi ji a bakin mutane, izina, gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. A kan wannan ta huɗun zan daɗe, dan ita ce kowa ya fi yarda da ita kuma ita ce ta fi rauni.

Shin yana hana kisa?

A hankalce kam ya kamata ya hana, wa yake son mutuwa. A 1975 wani masanin tattalin arziki a Amurka, Isaac Ehrlich, ya yi lissafi ya ce duk mutum ɗaya da aka zartar wa hukunci ana tsirar da rai kusan takwas, aka yi ta yawo da maganar, sai dai da wasu masana suka sake bin lissafin suka ga in ka cire 'yan shekaru kaɗan daga ciki sakamakon rushewa yake. A 2012 majalisar binciken kimiyya ta ƙasar ta duba binciken shekaru sama da talatin ta ce babu wanda za a dogara da shi a ce hukuncin yana rage kisa ko yana ƙara shi, kar a gina doka a kansu. Lura da kyau, basu ce an tabbatar baya hanawa ba, cewa suka yi ba a tabbatar yana hanawa fiye da dogon ɗauri ba. Kanada ta soke a 1976 kuma yawan kisan kai bai tashi ba, sauka ma ya yi a shekarun da suka biyo baya. Kudancin Amurka shi yake zartar da sama da kashi 80 cikin ɗari na hukuncin ƙasar kuma shi ne ya fi yawan kisan kai. Wannan ma ba hujja ce yankakkiya ba tunda talauci da yawan bindiga da sauransu duk suna ciki, amma dai in da maganin yana aiki yanda ake faɗa da an gani.

Abunda na gani da idona ya fi min duk wannan. A cikin masu kisan da na zauna da su, mafi yawa ba su yi wani lissafi ba, faɗa ne ya kaure, ko maye, ko kishi, ko an je sata mai gida ya farka aka firgita, minti biyu ne suka rusa gida biyu. Waɗanda kuma suka shirya, su lissafinsu ɗaya ne: ba za a kama ni ba. Ban taɓa jin wanda ya ce min ya duba doka ya ga ɗaurin rai da rai ne kawai sai ya ce toh bari in yi ba. Mai ɗaura bam a jikinsa kuwa da me za ka tsorata shi? Abunda Beccaria ya faɗa tun 1764 shi ne har yau masu binciken laifuka suke maimaitawa, tabbacin za a kama ka ya fi tsananin hukunci hana laifi. Ƙasar da cikin kisa goma da ƙyar ake gurfanar da ɗaya, ko ta rubuta za a kashe mutum sau bakwai ba abunda zai canza. Har akwai wani haɗari da ba a cika faɗa ba, in doka ta ce fashi ko satar mutane kisa ne ko an kashe ko ba a kashe ba, toh ka ba ɗan fashin dalilin kashe wanda ya ga fuskarsa, tunda hukuncin ɗaya ne kuma gawa bata ba da shaida.

Kuskuren da ba a gyarawa

Nan ne ni zuciyata ta juya, ba a littafi ba, a wajen aiki.

Wani matashi aka ba ni kes ɗinsa a matakin ɗaukaka ƙara, an riga an yanke masa hukuncin kisa a kan fashi da kisa. Da na buɗe fayil ɗin shaida biyu ce kacal, takardar amsa laifi da shaidar wani mutum da ya ce ya gane shi. Takardar an rubuta ta ne da harshen da yaron baya ji, da kalmomin da ko ni sai na nutsu, a ƙasa an dangwala yatsansa. Da na je ganinsa na tambaye shi ya aka yi ya dangwala, bai ce komai ba sai ya juya ya ɗaga rigarsa, ya kuma nuna min wuyan hannunsa inda igiya ta ci, shekara shida amma tabon yana nan fari fat kaman zobe. Shi kuma mai shaidar, da dare aka yi fashin babu wuta, kuma kafin a jera mutane ya nuna, an riga an wuce da yaron ta gabansa da ankwa a hannu. Lauyan da ya tsaya masa a kotun farko kyauta aka ba shi, a zama goma sha ɗaya sau huɗu ya zo, tambayoyin da ya yi wa mai shaidar basu cika rabin shafi ba. Kotun sama ta sallame shi. Amma ya fito mahaifinsa ya rasu, matarsa ta yi wani auren, kuma har yau in ya ji ƙarar makullai da asuba jikinsa rawa yake. Abunda yake hana ni barci shi ne ba wani ƙoƙari na musamman na yi ba, fayil ɗin kawai na karanta, kuma na san akwai irinsa da yawa da ba wanda ya buɗe.

Kar ka ce wannan matsalar ƙasashe matalauta ce. A Landan an rataye Timothy Evans a 1950 a kan kashe 'yarsa jaririya, babban mai ba da shaida a kansa maƙwabcinsa ne John Christie, bayan shekara uku aka gano gawarwakin mata a gidan Christie ɗin, ashe shi ne makashin. An yi wa Evans afuwa a 1966, shekara 16 yana kabari, kuma wannan kes ɗin yana cikin abunda ya sa Birtaniya ta daina. A Sin an kashe Nie Shubin a 1995, kotun ƙoli ta wanke shi a 2016. A Japan, ƙasar da ake yabo da tsari, Iwao Hakamada an yanke masa hukunci a 1968 bayan an yi kwanaki ana matsa masa har ya amsa, ya zauna jiran hauni shekara arba'in da wani abu a ƙasar da sai da safiyar ranar ake gaya wa mutum yau ce, aka sake shi a 2014, sai a 2024 kotu ta wanke shi ta ce shaidar ƙirƙirarta aka yi, lokacin yana da shekara 88 kuma hankalinsa ya riga ya taɓu. A Amurka tun daga 1973 mutum kusan 200 aka wanke bayan an yanke musu hukuncin kisa, wasu ta gwajin DNA. Ɗaya daga ciki Anthony Ray Hinton na Alabama, kusan shekara 30 ya yi a kan maganar wai harsashi ya fito daga bindigar gidansu, lauyansa ya ɗauka dala dubu ɗaya kawai aka yarda ya kashe wajen ɗauko ƙwararre sai ya ɗauko mai ido ɗaya da bai iya aiki da na'urar ba sosai, sai a 2015 ya fito.

Masu goyon baya suna cewa ai wannan ya nuna tsarin yana kama kuskurensa. Wani lokaci haka ne. Amma ka duba su waye suka kama kuskuren, yawanci wata 'yar'uwa ce da ta ƙi haƙura, ko ɗan jarida, ko lauyan sa kai, ko ainihin mai laifin ya yi suɓutar baki, kuma da zarar an kashe mutum yawanci shikenan an rufe fayil ba mai sake waiwaya. A Najeriya an taɓa kashe wani Nasiru Bello a 1981 alhali ƙarar da ya ɗaukaka tana gaban kotu ba a saurara ba, kotun ƙoli a 1986 ta ce an tauye haƙƙinsa, amma me za ta mayar wa iyalansa in ba kuɗi ba. Wanda aka ɗaure bisa kuskure ana iya buɗe masa ƙofa a ba shi haƙuri.

Wa ake kashewa?

Duk shekarun da na yi ina shiga sashen waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa ban taɓa cin karo da mai kuɗi a ciki ba. Ba wai masu kuɗi basa kisa ba ne. Suna da lauya tun daga caji ofis, ba mai rataye su a silin, shaidu suna mantuwa, fayil yana ɓata. Wanda ya rage a ciki shi ne lebura da ɗan acaɓa da wanda bai iya rubuta sunansa ba, wani lokaci ma yaron da aka aika ne yake ciki wanda ya aike shi yana waje, alhali in an bi ta ɓarawo ya kamata a bi ta mabi sawu. A Amurka launin fata ne, wani bincike da aka kai gaban kotun ƙoli a shari'ar McCleskey a 1987 ya nuna a jihar Jojiya wanda ya kashe farar fata ya fi wanda ya kashe baƙi yiwuwar samun hukuncin kisa sau huɗu da 'yan kai, kotun bata ƙaryata lissafin ba amma ta bar hukuncin.

Sannan akwai siyasa. Makamin da ka ba gwamnatin da kake so, gobe yana hannun wadda baka so. An rataye tsohon firaministan Pakistan Zulfikar Ali Bhutto a 1979, a 2024 kotun ƙolin ƙasar da kanta ta ce ba a yi masa shari'ar adalci ba. A Najeriya an rataye marubuci ɗan gwagwarmaya Ken Saro-Wiwa da mutum takwas a 10 ga Nuwamba 1995 bayan shari'ar kotun musamman da babu damar ɗaukaka ƙara. Maganar kuɗi kuwa, wai ciyar da fursuna asara ce, ko wai a Amurka shari'ar kisa ta fi ɗaurin rai da rai tsada, duka biyun ban ɗauke su da nauyi ba, ba a auna rai da kuɗin abinci.

Maganar addini

Ni ba malami ba ne kuma ba fatawa nake bayarwa ba, wannan ka koma wa malamanka, amma abunda na karanta a fiƙihun jinayat, wato hukunce-hukuncen laifuka a Musulunci, lokacin karatun lauya ya isa in ce mutane suna ɗaukar rabin magana su bar rabi. Ayar da ta wajabta ƙisasi ita ce dai ta buɗe ƙofar yafiya da diyya ta kira shi sauƙi da rahama. Haƙƙin na magadan mamaci ne, kuma a wajen mafi yawan malamai in ɗaya daga cikinsu ya yafe ƙisasi ya faɗi. Ga ƙa'idar tunkuɗe haddi da shubuha, wato in akwai shakka ba a zartar da hukunci, ga maganar da aka ruwaito cewa shugaba ya yi kuskure wajen afuwa ya fi ya yi kuskure wajen uƙuba, ga sharaɗin shaidu adilai, kuma mafi yawan malamai basa karɓar amsa laifin da aka samu da duka. A Attaura ma ba a kashe mutum da bakin shaida ɗaya. Toh ka ɗauki fayil ɗin yaron nan da na ba ka labari ka aza shi a kan waɗannan sharuɗɗan, ko ƙofa ba zai shiga ba. Dan haka mutum zai iya yarda ɗari bisa ɗari cewa ƙisasi gaskiya ne kuma ya ce wannan kotun da wannan binciken basu cika sharaɗin zartar da shi ba, babu cin karo a ciki. A ɓangaren Kirista ma an rabu, cocin Katolika a 2018 ta ce bata yarda da shi ba sam, wasu majami'un kuma suna goyon baya.

A Iran a 2014 an kawo wani matashi za a rataye shi a bainar jama'a, igiya na wuyansa, uwar yaron da ya kashe ta matso ta kwaɗa masa mari ɗaya sannan ta ce ta yafe, ita da mijinta suka cire igiyar. Wannan damar tsarin ƙisasi ne ya ba ta, dokokin da aka gada daga Turawa basa tambayar uwa komai. Sai dai ita ma diyya tana da inda take yoyo, a Lahore a 2011 Ba'amurke Raymond Davis ya harbe mutum biyu, aka biya diyyar sama da dala miliyan biyu ya hau jirgi ya tafi, talakan da ya yi irin laifinsa yana can. Kuma na sha ganin ana matsa wa iyalai marasa ƙarfi su yafe ba da son ransu ba.

Inda na tsaya

Na yarda akwai laifin da ya cancanci kisa. Mutumin da ya kashe mutum 77 a Norwe a 2011, yawancinsu matasa, aka ba shi shekara 21 da za a iya ƙarawa, har yau in na tuna sai na ji wani abu ya tokare ni. Ba zan ce maka ran wanda ya kashe ƙaninka ya fi na ƙaninka ba har abada. Amma na daina yarda cewa tsarin da na yi aiki a cikinsa, da mafi yawan waɗanda na karanta, suna iya tantance wanda ya cancanta daga wanda tsautsayi da talauci suka kawo. Da za a tambaye ni, a fara cire dokar da take tilasta wa alƙali yanke kisa ba tare da ya duba yanayin mutum ba, yanda kotun ƙolin Kenya ta yi a 2017 da majalisar Malesiya a 2023, a taƙaita shi ga kisan ganganci kaɗai ban da ƙwaya da makamantansu, Indiya tun 1980 ta ce sai a mafi ƙarancin lokuta, kar a taɓa yanke shi a kan takardar amsa laifi kaɗai, a ɗauki bidiyon duk tambayoyin da 'yan sanda suke yi, a ba wanda ake tuhuma lauya na gaske, kuma har sai an yi waɗannan a dakatar da zartarwa. Na san wannan ra'ayin wanda ya zauna da fursunoni ne da yawa, kuma ni ba a kashe min ƙani ba, in da an kashe min wataƙila da bakina bai iya furta shi ba.

Abunda kuke ciki kuwa, wato an yanke an ƙi zartarwa an kuma ƙi sauyawa, shi ne mafi muni a duka, ku an bar ku da buɗaɗɗen ciwo, shi kuma kullum yana sauraron takun ganduroba. A ƙasashe da yawa sai shugaban ƙasa ko gwamna ya sa hannu, su kuma gudu suke, kuma ba a isa a zartar ba sai an gama duk matakan ɗaukaka ƙara, wanda shi kaɗai yana iya cin shekara goma. Shawarata ka je ofishin masu gabatar da ƙara da lambar shari'ar, ka nemi a gaya maka a rubuce ko an ɗaukaka ƙara da matakin da take, ka tambaya ko sunansa ya taɓa zuwa gaban kwamitin afuwa, ka kuma rubuta cewa iyali suna so a sanar da su kafin a yanke komai, dan na sha ganin iyalai sun ji labarin sakin mutum a bakin maƙwabta. In akwai hali ka nemi kwafin hukuncin ka ba lauyan da ka yarda da shi ya karanta maka, ka ji a kan wace shaida aka kama shi, in mai ƙarfi ce zuciyarka za ta samu nutsuwar cewa shi ne, in kuma irin ta yaron nan ce toh akwai yiwuwar wanda ya kashe ƙaninka yana yawo a waje, wannan ma haƙƙinku ne ku sani. Sannan ka zauna da mahaifiya da sauran magada ka ji abunda su suke so, ba lallai ya zama irin naka ba. Abokin naka kuma ka neme shi ku ƙarasa maganar, ka fara ba shi labarin ƙaninka tukunna, sunansa da abunda yake son zama, kafin ku koma kan hujjoji.